Akuyar da ta cinye ledar rogona

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a Samaru, na kama ɗaki a Bomo, gidan wata dattijuwa da muke kira Mama. Aikin bincikena shi ne yin leda daga sitacin rogo, wadda in an yar za ta ruɓe ta koma ƙasa. Ana dama sitacin kamar koko, a zuba ruwan khal da giliserin ɗin nan da mata ke haɗawa da man shafawa, a shimfiɗa a tire ya bushe. Har kasuwar Sabon Gari nake zuwa sayen kayan, ina ji da kaina kamar ni zan gyara duniya.

Mama tana da akuya guda mai ciki, ita kaɗai ta rage mata. Uwar akuyar ramewa ta yi ta yi har aka yanka ta, mahauci ya zaro dunƙulen baƙar leda daga tumbinta. Tun daga nan Mama ba ta barin ko guntuwar leda a tsakar gida.

Wata rana na shanya tirena na shiga wanka. Ina fitowa na tarar akuya ta lashe ledar tas, Mama na tsaye da hannu a ka.

"'Yar nan, leda kika ba ta?"

"Mama, kwantar da hankalinki, ba irin waccan ba ce. Da rogo na yi ta."

"Rogo! Wayyo ni! Ba ki san ɗanyen rogo na kashe akuya ba?"

Ga ni zan ba da haƙuri, na ƙara rura wuta. Na yi ta bayani cewa an wanke sitacin an dafa, amma gaskiya ni ma ba ni da tabbas, don bincikena bai taɓa bi ta kan cikin akuya ba.

Na kira abokina mai karatun likitan dabbobi. Ya zo ya danna cikin akuyar ya ce, "A sa mata ido. In ta yi tuƙa, lafiya lau take." Haka ni da Mama muka zauna a tabarma muna kallon bakin akuya. Can da yamma ta kwanta gindin bango ta fara tuƙa. Mama ta ce, "Mun gode Allah," ta tashi ta ɗora tukunya.

Daga baya na fahimci ba kowace ledar tsiro ke narkewa haka ba, wasu sai an kai su wurin sarrafawa na musamman. Tawa kuma ko tumatir ba ta iya ɗauka, da ta ji laima sai ta saki. Har yau abin na damuna.

Akuyar ta haifi biyu. Duk sanda na je gaishe da Mama, ba ta tambayata aiki ko aure. Cewa take, "Ina ledarmu? Har yanzu a ɗaure nake barin awakin fa."