Lambar da Gwaggo Ta Hana

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu shara su gama da farfajiya, za ka ga wata gajeruwar dattijuwa ta shigo sashen nazarin magungunan gargajiya na jami'a, jaka a hammata, kular abinci a hannu. Kowa sama yake hawa, ita ƙasa take sauka. Ɗakinta yana ƙarƙashin ginin, bayan ma'ajiyar karyayyun kujeru. Taga ɗaya gare shi, ita ma ƙafafun masu wucewa kawai take nunawa. Idan ta buɗe ƙofa, warin kafur da tsohuwar takarda ya tare ta, sai ta yi sallama, alhali ta san babu mai amsawa. Haka take yi shekara talatin da biyu, kuma a ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Gwaggo Mai Ganye ake ce mata. Da yawa daga ɗalibai sun zaci mai shara ce. Ita ce mai kula da ɗakin ajiyar tsirrai. Duk tsiron da aka kawo, za ta shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ta danne da katako, ta ɗaure tam, tana sauya masa takarda kullum kamar mai sauya wa jariri zane, har ya bushe. Sannan ta manna shi a kwali, ta rubuta sunansa da inda aka tsinko shi, ta ba shi lamba a babban rajista. Lambar nan ita ce shaidar tsiro. Duk mai binciken da ya ce ganye kaza yana maganin ciwo kaza, dole ya sa lambar a kundinsa, domin wanda ya yi shakka ya zo ya buɗe kabad ya gani da idonsa. Idan babu lamba, ba a kare kundi, mujalla ma ba ta karɓa.

Matsalar ita ce ɗalibai sun ɗauki lambar kamar sa hannun mai gadi. Sai sun gama komai, ana saura mako su miƙa kundi, sannan su gangaro a guje da ganye uku a leda. "Gwaggo, a taimaka da lamba!" Ta kan zame tabarau ta dube su ta ce, "Ina furensa? Ganye kaɗai ai kamar a nuna maka ƙeyar mutum ne a ce ka faɗi sunan ubansa." Su fita suna gunaguni. Da ma ba hira ce ta kawo su ba.

Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta guda yana aiki a wani gari mai nisa, sai gaisuwar waya. Idan ana liyafa a sama, tafi kawai take ji ta cikin silin. Kaɗaici bai taɓa sa ta kuka a gaban kowa ba, amma yana damunta, kuma ba ta ɓoye wa kanta hakan.

Shekarun baya, sai ga wata ɗaliba mai neman digirin digirgir, doguwa, mai yawan dariya, wadda ta sauko wata rana neman inda za ta yi salla babu hayaniya. Daga nan ta mayar da ɗakin nata. Kullum da azahar sai ta zo ta ja kujera, su buɗe kula su ci tare, tana ba Gwaggo labarin ɓerayen da take gwaji a kansu kamar 'yan unguwarsu. "Gwaggo, na ashirin da ɗaya ya cije ni yau, ɗan banza, bayan duk hidimar da nake masa." Gwaggo ta yi dariya har ta share hawaye. Har Gwaggo ta fara ce mata "'yata". Shekara biyu ɗakin nan yana da murya.

Binciken yarinyar a kan wani tsiro ne mai farin fure da masu magani ke dafa ganyensa wa masu ciwon sukari. Buhu-buhu take sayen busasshen ganyen a wurin wani mai magani a kasuwa. Kuma abin ya yi kyau: sukarin ɓerayen ya sauka. Farfesanta ya fara yi wa baƙi alfahari da ita. Sau biyu Gwaggo ta ce mata ta kawo samfuri, yarinyar ta ce, "Haba Gwaggo, ni da ke? Ai lambata tana aljihu." Gwaggo ba ta matsa ba. Har yau tana ganin wannan laifinta ne, domin ta fi son hirar da ta ɓata ta da zancen aiki.

Ana saura kwana tara a miƙa kundi, yarinyar ta kawo ganyen tana waƙa. Gwaggo ta ciro kwalin tsiron daga kabad ta ajiye gefe. A ido babu bambanci. Ta juya ganyen ta shafa bayansa da babban yatsa, sai ta ji gashi-gashi. Na kwalin sumul yake. Ta murza ta sunsuna. Ta sake shafawa, tana fatan yatsan ne ya yi ƙarya.

"'Yata, wannan ba shi ba ne."

"Gwaggo, ki bar wasa."

"Ina jin ɗan'uwansa ne. Ba zan tabbatar ba sai na ga fure, kuma yanzu ba lokacin furensa ba ne."

Yarinyar ta zauna a ƙasa daɓas. Idan wannan zagayen miƙa kundin ya wuce ta, sai baɗi. Ga mahaifinta a kwance, jiki ya yi nisa, abin da yake jira kawai ya ji an kira 'yarsa Dakta. Gwaggo ta san wannan, don ita ce ake kawo wa labarinsa kullum.

Washegari Farfesa da kansa ya sauko, abin da bai taɓa yi ba, har sai da ya tambayi masinja hanya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama, magani dai ya yi aiki. Ki ba ta lambar tsohon kwalin, daga baya a gyara." Ta miƙe tsaye don girmamawa, ta ce, "Ranka ya daɗe, idan takarda ta fita da sunan mai farin fure, shi za a riƙa tsinka. Mai ciwon sukari zai ji an ce jami'a ta gwada, ya ajiye ƙwayarsa ta asibiti ya sha abin da ba wanda ya gwada. Da lambata." Ya ce ta yi tunani. Ta ce ta yi. Masinjan da ya rako shi ya ce sai ta rufe rajistar ta ɗora hannu a kai.

Yarinyar ta dawo sau ɗaya. Ba ta zauna ba. "Gwaggo, don Allah. Baba ba zai kai baɗi ba." Gwaggo ta ce, "Na sani, 'yata." Yarinyar ta juya ta hau sama.

Direban sashe shi ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Ranar hutu Gwaggo ta roƙe shi ya kai ta kasuwa, ta nemo mai maganin, ta lallashe shi har ya yarda ya nuna mata inda yake tsinka. Tafiyar awa uku, sannan suka taka da ƙafa, ga ciwon gwiwa. Ta haƙo ƙananan tsirrai biyu ta dasa a gwangwanin fenti, ta ajiye a bakin tagarta. Ɗaya ya mutu. Ɗayan ta yi ta bi da shi wajen rana, safe ta fitar, yamma ta shigar, wata bakwai. A cikin watannin nan ɗalibai suka sa mata suna "Mai Baƙin Ciki". Masu gaishe ta a matakala suka koma kallon waya. A wata na huɗu mahaifin yarinyar ya rasu. Gwaggo ta je gaisuwa, ta zauna a bakin ƙofa cikin mata, yarinyar ta amsa mata kamar yadda ta amsa wa kowa. Da azahar kuwa ta koma buɗe kula ita kaɗai, wani lokacin ta rufe ba ta ci ba.

Ran da furen ya buɗe, ja ne. Gwaggo ba ta yi murna ba, ta daɗe tana kallonsa. Ta danne shi, ta busar, ta manna, ta rubuta masa sunansa na gaskiya da sabuwar lamba, ta ba masinja ya kai sama. Yarinyar ta sake wasu gwaje-gwajen, ta kare kundinta a shekarar da ta biyo. Aikin ya fi na da daraja, domin babu wanda ya taɓa gwada mai jan furen kafin ita. Yau malama ce a sashen, ofishinta yana hawa na biyu. A shafin godiya na kundin an ambaci Farfesa, an ambaci mai buga rubutu. Ba a ambaci Gwaggo ba.

Gwaggo Mai Ganye, ke ce mai ido a yatsa. Ke ce kika tsare lafiyar mutanen da ba su san kina duniya ba, kuma ba za su taɓa sani ba. Kwali dubu goma sha ɗaya ke kabad ɗinki, babu ɗaya da ya yi ƙarya. An tambaye ki kwanan baya ko kin yi nadama, kika ce, "Da na ba ta lambar, da har yau tana saukowa mu ci abinci. Na san wannan tun ranar." Kika ci gaba da yankan kwali.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa hutun ya yi albarka. Masu riƙe da rajista da hatimi da makullin ɗakunan gwaji, ku dubi matar nan: abin da kuka sa wa hannu, wani zai sha shi a gida. Ɗalibai kuma, ku kai tsironku tun ranar farko, da furensa.

Saura ke, Dakta. Rabin labarin nan daga bakinki ya fito. Ke kika ce shekara tara kina wuce bakin matakalar nan, da farko don fushi, daga baya don kunya, kuma duk ɗalibin da ya zo wurinki kina tura shi ƙasa kafin ya taɓa ɓera ko ɗaya. Ta san kina turo su, tana gane naki da zarar sun shigo da fure a hannu. Amma ba ɗalibai take jira ba. Kwana goma sha ɗaya ya rage ta miƙa makulli. Ba sai kin shirya abin da za ki faɗa ba. Ki sauka da azahar, ki ja kujera.