Na Ce Su Jira Ni, Alhali Motar Ba Tawa Ba Ce

A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai son duk inda ya shiga a san ya iso. Ina aiki da wani kamfani mai sayar da taki da iri da maganin feshi, ni ne jami'insu mai zagaya manoman Wurno da Rabah da Goronyo. An haife ni a wani ƙauye da ke bayan Shinaka, kuma duk gidanmu ni kaɗai boko ya yi wa rana. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, wana ne ya riƙe ni, da kuɗin albasarsa na yi karatu tun daga firamare har na karɓo takardar difloma. Yaya nake ce masa, amma a gaskiya uba ne. Edita, na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cin raina, kuma ba ni da bakin faɗarsa a gida. Ina roƙon a sakaya sunana.

Shekara huɗu na yi ina wannan yawo a kan babur, rana ta dafa ni, damina ta jiƙa ni, har wata shekara aka yi mini ƙarin girma. Tare da takardar ƙarin girman aka ba ni zaɓi biyu. Ko dai in karɓi motar kamfani, su ne da mai, su ne da gyara, ko kuwa a riƙa ƙara mini alawus na sufuri a kan albashina kowane wata, in nemi abin hawana da kaina. Motar kuwa ba ta wasa ba ce. Farar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, sabuwa dal, kujerunta ko ledar ba a cire ba. Da na leƙa cikinta na shaƙi ƙanshin sabuntar nan, wallahi a zuciyata an riga an gama zaɓe. Mako guda da aka ba ni in yi shawara, na yi shi ne kawai don kada a ce na cika zumuɗi.

Duk da haka na je gida na gaya wa Yaya. Na same shi a fadama yana ban ruwa, ya kashe inji ya zauna a kan kunya ya saurare ni har na gama. Sai ya tambaye ni, in na karɓi motar, wa ad da ita, ni ko su. Na ce ai duk ɗaya ne tunda makulli na hannuna. Ya girgiza kai ya ce ba ɗaya ba ne, in karɓi kuɗin, shi kuma in ya sayar da albasar bana zai cika mini in sayi 'yar ƙaramar mota ta hannu, ko da mai tari ce, wadda za ni tada ta sa'ad da na so in kai ta inda na so. Ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na yi dariya na ce masa zamani ya wuce nan, man fetur kaɗai zai cinye alawus ɗin, balle kanikawa. Kuma ba ƙarya na yi ba, don wani abokin aikina da ya zaɓi kuɗin rabin ransa a gareji yake ƙarewa. Amma ba wannan lissafin ne ya ja ni ba, so nake in shiga garinmu da farar motar nan mutane su miƙe tsaye. Yaya bai ja maganar ba, ya ce Allah shi sa haka ta fi zama alheri, ya tada injinsa.

Ranar da na karɓi motar na kai ta gida kuwa sai da gari ya girgiza. Tsofaffi suka zo suna shafa ta suna sa albarka, mata suna guɗa daga cikin gida, liman ya yi addu'a aka raba goro. Wata gwaggonmu ta ce ashe za ta ga ranar da ɗan ƙanenta zai yi motar kansa. A nan ya kamata in ce a'a Gwaggo, ta aiki ce, aro aka ba ni. Sai na yi murmushi na ce amin. Daga ranar labari ya bazu cewa kamfani ya ba ni kyautar mota, ni kuma ban taɓa gyara zancen ba. Yaya kaɗai ya san gaskiya, shi kuwa ba mutum ne mai tsinka ƙanensa a gaban jama'a ba. Wanda bai zauna ƙauye irin namu ba ba zai gane nauyin wannan ba. A wurinmu mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai, ta gari ce. Mai naƙuda, da wanda ya faɗo daga bishiya, da wanda zazzaɓi ya kayar, duk kai za a kira. Na sha ɗaukar irin waɗannan a watannin farko, ana ta yi mini addu'a, kaina yana ta ƙara girma.

Alhali tun a takardar da na sa wa hannu an rubuta cewa ba a ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba, ba a kuma fita da motar daga inda aka shata wa mutum. Da farko ba wanda ya damu da bin diddigi. Sai ɓarayin daji suka ƙwace wata motar kamfanin a wani yanki, direban ya sha da ƙyar. Daga nan aka tara mu a Sakkwato aka ce an saka wa kowace mota wata na'ura. Daga ofis ana ganin inda take, kuma da ta ƙetare iyakar da aka yanka mata za a kashe injinta daga can, ba ta sake tashi sai da izinin manaja. Tawa iyakar ita ce garin Goronyo, hanyar garinmu tana cikin wuraren da aka haramta. Na ji da kunnena, na sake sa hannu. Ban gaya wa kowa a gida ba, har Yaya. In zan je sai in hau babur, in an tambayi mota in ce tana wurin sabis.

Ranar wata Laraba ce da zafi, lokacin cirar albasa. Ina Kwargaba ina nuna wa manoma yadda ake haɗa maganin feshi, wajen ƙarfe sha ɗaya, sai ga wayar matar wana tana kuka. Ta ce Yaya yana yaye ciyawar da aka lulluɓe albasa da ita gamsheƙa ta sare shi a hannu. Wani maƙwabcinmu ya karɓi wayar ya ce sun ɗaure hannun, kuma ga wata motar albasa an gama lodi za ta Sakkwato yanzu, direban ya yarda a ɗora shi a bisa buhuna a wuce da shi asibiti inda ake samun allurar dafi. Ya tambaye ni mi na gani. Jama'a, a nan na yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Raina ya ba ni cewa ina da mota mai sanyi, a ce an ɗora wana a kan buhunan albasa cikin rana kamar kaya, me mutane za su ce da ni? Na daka masa tsawa na ce kada su kuskura, su sallami mai albasa, ga ni nan tahe. Na tuna da na'urar sarai, amma na ce wa kaina barazana ce kawai, in ma gaske ne zan kira manaja a hanya ya fahimce ni.

Na taka motar kamar zan tashi sama. Na wuce cikin Goronyo, na karya na hau hanyar gida, ban yi nisa ba sai na ji tana rage gudu da kanta. Na danna totur, shiru. Ta gangara gefen hanya ta mutu murus. Na murza makulli ya fi sau ashirin. Na kira ofis, wanda ke kula da na'urar ya ɗauka, na gaya masa rai ne a hannun Allah, wana ne maciji ya sara. Ya tausaya mini ƙwarai, amma ya ce shi ba shi da ikon buɗewa sai manaja ya ce, manaja kuma yana cikin taro da baƙi wayarsa a kashe. Ya ce in ba shi minti biyar ya aika a kira shi. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi, dokar kuma don tsaron rayukanmu aka kafa ta.

Laifin nawa ne, kuma ga inda ya fi muni. A lokacin da motar ta mutu, da na kira gida na ce ba zan iso ba, su ɗora shi a babur su fito, da an rage asara. Da na tsare ɗan kabu-kabu na koma tashar Goronyo na ɗauko shatar mota, da ban fi rabin sa'a ba. Amma barin motar kamfani a bakin daji kora ce kai tsaye, faɗar gaskiya kuma tonon asirina ne. Sai na tsaya ina jiran minti biyar. Daga gida suka kira na ce 'yar matsala ce ta samu motar, yanzu za ta tashi. Suka sake kira suka ce idanunsa sun fara rufewa, miyau yana zuba, na ce su yi ta yi masa fifita, na kusa. Har buɗe gaban motar na yi ina leƙe-leƙe don masu wucewa su ɗauka lalacewa ta yi. Aka kira azahar ina nan tsaye. Sau huɗu matar nan tana kirana, sau huɗu ina ce mata ga ni nan, ita kuma tana hana a taɓa shi don ta yarda da ni.

Da maƙwabcin ya ga abin ya wuce wuri, sai ya yi gaban kansa. Can na hango babur tafe da mutum uku, Yaya a tsakiya an ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi, kansa yana lilo. Suka tsaya a gabana. Hannun ya kumbura, numfashinsa yana fita da ƙyar, bakinsa ba ya iya haɗa magana. Na ɗaga masa fatar ido da yatsana, ya dube ni, ya dubi motar. Shi kaɗai ne a wurin zai iya gane abin da ya faru, kuma na tabbata ya gane. Sai a lokacin na watsar da motar, muka ruga tasha muka ɗauki shata. Kansa yana kan cinyata muna ta yi masa kalmar shahada, ba mu kai ga wuce Wurno ba rai ya yi halinsa. Direba ya juya da mu gida ba tare da kowa ya ce masa ya juya ba.

Bayan kwana bakwai na koma aiki na tarar da takardar tuhuma a kan fita iyaka da barin mota a hanya. Da suka ji dalili suka yi mini ta'aziyya, aka bar ni da gargaɗi. Ban ajiye aikin ba, don 'ya'ya shida Yaya ya bari kuma yanzu ni ne ubansu. Na dai mayar da motar da shekara ta zagayo, na koma kan babur. Na taɓa kai maganar wurin wani malami a wani gari inda ba a san ni ba. Ya ce kwana in ya ƙare ko a gadon asibiti ne sai an tafi, amma ƙaryar da na yi tawa ce, in yi ta istigfari, in riƙe marayun da amana. Na yarda da ƙaddara. Sai dai an tabbatar mini motar albasar nan ta isa Sakkwato tun kafin a kira azahar.

Abin da na koya shi ne, in an ba ka zaɓi irin wannan a wurin aiki, kada ka tsaya kallon fenti. Karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ka tambaya wa ke da ikon tada motar da kashe ta, ina aka yarda ta je, wa aka yarda ta ɗauka. Motar kamfani ba aibu ba ce, alawus ma yana da tasa wahalar, kowa ya dubi inda yake zaune da waɗanda suka jingina da shi. Amma duk wanda ka zaɓa, ka gaya wa mutanenka gaskiyar abin da ke hannunka, kada ka bari su dogara da abin da kai kanka sai ka nemi izini. In kuma rai yana cikin haɗari, abin hawan da ke kusa shi ne mafi alheri, ko da amalanke ne. Kada ka ce wa kowa ya jira ka.

Har yau a garinmu an ɗauka motar lalacewa ta yi. Duk sa'ad da na je gida, matar wana takan tara yaran ta ce su zo su gaida baffansu, wanda ya sha rana a bakin hanya yana fama da mota don ya ceci ubansu. Sukan durƙusa su gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in amsa.