Mazarƙwailar Baban Mukarrama

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandare a Hunkuyi a 'yan shekarun nan ya san Malama Lantana mai lissafi. Gajera ce, ba ta da jiki, amma in ta ɗaga murya a aji har masu talla a bakin ƙofar makaranta sai sun yi tsit. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin rijiya ba.

'Yar Gazara ce, aure ya kawo ta. Mijinta Ɗayyabu direba ne, ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da yara uku. Albashin malanta kuwa kowa ya san halinsa. Abu biyu ne suka riƙe gidan. Akwai 'yar gona a fadama da wan mijinta, Alhaji Ya'u manomin rake, ya ba ta aro, tana noman tattasai da albasa da rani. Sai kuma lesin da take yi wa yara a zaurenta bayan la'asar.

Lesin ba laifi ba ne, amma mun ga yadda wasu ke yinsa. Malami ya zo aji da safe yana hamma, ya taɓa darasi sama-sama, ya ajiye mai wuyar sai yamma ga waɗanda iyayensu suka biya. Ranar jarrabawa kuma 'yan lesin su tarar da tambayoyin da suka kwana da su. Wannan abu yana ƙona mini rai, don ɗan da ubansa ba shi da hali shi ake cuta, kuma bai ma san an cuce shi ba.

Ita Lantana ƙa'ida gare ta: ba ta yi wa ɗan ajinta lesin. In uba ya kawo mata irin wannan yaro, sai ta tura shi wajen Malam Clement, abokin aikinta da ke riƙe da ɗaya ajin, shi ma ya turo mata nasa. Na taɓa tsokanarta na ce ta cika tsiya. Ta ce, "Hajo, wanda zan ba maki da safe, ba zan karɓi ko allurar ubansa da yamma ba."

Ana nan sai Mukarrama, 'yar autar Alhaji Ya'u, ta shigo ajinta. Yarinya ce mai kunya da ladabi, amma ita da lissafi ba sa ga maciji. Da jarrabawar zangon farko ta matso, Alhaji ya zo da kansa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malama, ga 'yarki nan. Daga gobe ta riƙa zuwa zaure, ki ɗan nuna mata inda za a taɓa."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, Mukarrama tawa ce. A aji zan tsaya a kanta har ta gane. Na yamma kuwa a kai ta wajen Malam Clement, ya fi ni haƙuri."

Ya ce, "Ina da malama a gida, in kai 'yata wajen bare?" Ya sa takalmansa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Washegari sai ga kwando shaƙe da mazarƙwaila, sabuwar dahuwa daga raken gonarsa. A nan ne Alhaji ya yi dabara. A wajenmu ba a mayar wa babba kyauta, wanda ya yi haka ya yanke zumunci da hannunsa. In kuma ta ci, to ta amsa. Da na leƙa na same ta zaune ta zuba wa kwandon ido. Na ce mata, "Ke, ki ci abinki, ki yi wa yarinyar nan abin da ake so. Gonar nan fa ita ce miyarku." Tsoro ne ya sa na faɗi haka, don na san zuciyar Alhaji.

Da safe ta ɗora kwandon a bayan ɗan acaɓa ta nufi makaranta. Yarana ne suka ba ni labarin sauran. Ta aje shi a kan tebur a aji ta ce wa yara, "Ku tashi ku yi wa baban Mukarrama addu'a, shi ya aiko muku." Ta sa guduma ta farfasa, kowa ya samu, har da 'yan bencin baya da ba su taɓa sanin ƙofar lesin ba. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Kafin azahar gari ya ɗauka, mutane suna tare Alhaji a hanya suna sa masa albarka. Shi kuwa sai murmushin dole.

Aka yi jarrabawa, Mukarrama ta faɗi lissafi. Lantana ta rubuta mata abin da ta ci, ba ƙari. Ta gaya mini abin ya yi mata ciwo, don tana ƙaunar yarinyar.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya bari ta kwashe tattasanta da albasarta, sannan ya aiko cewa bana rake zai sa a wurin. Ranar ta yi kuka, na ji ta ta katanga. Kashegari ta nemo tsofaffin buhuna ta cika da ƙasa da taki, ta jera su a tsakar gida ta dasa tattasai. Ba ya kai na fadama ko kusa, miyar gidan ta ragu, kuma ba ta ɓoye ba.

Mukarrama ce da kanta ta roƙi uwarta aka kai ta wajen Malam Clement. A aji kuma Lantana ta dawo da ita bencin gaba, ta hana ta sakat. Ba ta zama gwana ba, amma ta haye da guminta, yanzu tana babbar sakandare.

Har yau Alhaji bai mayar da gonar ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Suna gaisawa a biki da suna kamar komai bai faru ba. Sai dai bara, da aka fara dahuwar rake, an ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar makaranta da kwando, alhali Alhaji ba shi da sauran ɗa a can. Lantana ta fito ta tambaye shi na wane ne. Ya ce, "Alhaji Ya'u ne ya aiko. Ya ce ba naki ba ne, Malama, na yara ne."

Ta juya ta ce wa 'yan ajinta wani ya ɗauko mata guduma.