Ranar da Baba Ya Yi Gudu

Wata Litinin ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu. Muna tsakar gidanmu a Tudun Wada, ni da ƙanwata Rabi muna carafke kusa da rijiya, Inna tana bakace masara kaji na damun ta, sai rediyon maƙwabta ya sanar cewa an sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na yamma. Ba mu san abin da ya tashi a gari ba, mun dai ji 'yan acaɓa sun watse, kuma an ce duk wanda masu sintiri suka kama a waje jikinsa zai gaya masa.

Baba kuwa yana wajen aiki, a wani kamfanin matsar mai can gaba da unguwar Kwangila. Biyar saura kwata yake tashi, kuma in babu abin hawa, awa ɗaya da rabi yake yi a ƙafa, don mutum ne mai jiki, ga asma. Inna ta ajiye faifai ta ja ni gaban agogon bango, wai ni ce 'yar boko, in gaya mata ko zai iso.

Ni da a aji bulala nake sha kan lissafin lokaci, ranar kaina ya buɗe, kuma na so a ce bai buɗe ba. Na ɗora yatsa kan gilashin ina bin lambobin yadda Malam ya koya mana. Daga biyar saura kwata zuwa biyar, minti sha biyar. Daga biyar zuwa shida, awa guda. Sau uku ina maimaitawa, ko zan samo wa Baba kwatar da ta rage masa. Ban samo ba. Na faɗa wa Inna, ta zauna a kan turmi. Tsoron da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba.

Shida ta kusa cika muka ji an banko ƙofar zaure. Baba ne, takalmi a hannu, taɓo har gwiwa, ƙirjinsa na fito. Sai da ya daɗe a jingine da bango kafin ya iya magana. "Ni ma na yi lissafin a bakin ƙofar kamfani," in ji shi, "shi ya sa na yi gudu."

Yau waya ɗaya ta isa a ce wa mutum ya kwana inda yake. Baba kuma sai da sanda yake kaiwa masallacin ƙofar gida, ni ko ɗana na riƙe da hannunsa. Ba na taɓa ce masa ya yi sauri.