Ranar da Surukina Ya Same Ni Ina Tonon Naman Kaza

A garinmu Banga an san ni da sa ido. Matar da ta fito da ɗankwali a karkace, ko ta tsaya ciye-ciye a bakin hanya, ta san kafin la'asar za ta ji daga bakina. Abin da ba a sani ba, duk damina in an kwana ana ruwa, ni ma ina da inda nake sulalewa.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono ce ta koya mini naman kaza tun ina da ƙuruciya. A garinmu ba a ci. Laimar kwaɗi ake ce wa duka, kuma ana ganin sai wanda yunwa ta ci ƙarfinsa yake duƙa masa. Ita ta nuna mini bambanci. Wanda ya tsiro a kashin shanu, mai zobe a wuya, wanda ƙarƙashinsa ke yin kore-kore in ya tsufa, ko da sanda ba ta yarda in taɓa ba. Wanda ake ci shi ne na gindin suri, kansa da ɗan tsini, saiwarsa doguwa har cikin gidan gara, ƙamshinsa na ƙasar da ta sha ruwan fari. Ba a fizgarsa. Da tsinke ake bin sa a hankali, a mayar da ƙasa a rufe ramin. Ni ban taɓa zuwa don rashin tuwo ba. So nake yi. In na ga fararen kawunan nan sun fasa ƙasa, wani daɗi nake ji wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Da daji ya daina shiguwa saboda rashin tsaro, sai na koma wani suri kusa da hanyar mota. Wata safiya ina durƙushe, zani duk laka, na ji mota ta tsaya. Surukina ne, mijin ɗiyata ta fari, mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, in ya zo gaisuwa daga bayan asabari nake amsawa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin taɓo, fasinjoji na leƙe.

"Inna, an tashi lafiya?"

Na ja mayafi na rufe ƙwarya, amma ya riga ya gani.

Kashegari ga mai babur da buhun gero da galan na manja, in ji surukin nawa a kawo mini. Duk unguwa ta gani. Wani ɗan garinmu da ke cikin motar ya ƙarasa sauran. Magana ta bazu cewa ɗana, wanda nake zaune a gidansa, ya bar uwarsa tana kiwo a gindin suri. Yaron da ba ya kai loma bakinsa sai ya tambaya ko an kai mini nawa.

Ya shigo ɗakina ya zauna ƙasa.

"Inna, mi na rage maki? Yau liman ya ja ni gefe yana yi mini nasiha kan haƙƙin uwa."

Na rasa inda zan sa idona. Buhu ba ya mayuwa, cin fuska ne. Suruki kuma ba na iya kiransa in yi masa bayani. Sunan ɗana kuwa kullum ƙara ɓaci yake yi.

Da aka sake ruwa, na fita da hantsi ta tsakiyar gari, ƙwarya a buɗe. Na dawo na hura wuta a tsakar gida, na sa daddawa da tattasai da man shanu, na aika a kira matan unguwa, waɗanda na daɗe ina yi wa faɗa. Na ce musu rumbun ɗana cike yake, kwaɗayina ne ke kai ni, kuma tun kafin a haifi wasunsu nake zuwa.

Maƙwabciyata ta tafa hannu. "Ke, tsohuwa! Ashe mai hana mu gyaɗa a hanya ita ke rarrafe gidan gara!"

Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Na tsaya na shanye. Ita ce ma ta fara ɗanɗanawa, ta ce wai ina na ɓoye kazar.

Na zuba a kwano na aika wa ɗiyata can Kaura. Ta aiko cewa maigidan ya ce a ba ni haƙuri, shi da kansa zai sami ɗan'uwanta, kuma in da saura ba ya ƙi.

Sunan ɗana ya wanku. Ni kuwa, jiya wata ta wuce ƙofar gidanmu ɗankwali a karkace tana taunar rake. Na buɗe baki, ta kalle ni tana murmushi ta ce, "Inna, yau ba a je suri ba?" Na ja bakina na koma ciki.