Sawun Baba a Cikin Siminti

Shekarar da na kawo Baba daga Damagaram don a duba masa ciwon suga, ina zaune a Bron, gefen Lyon a ƙasar Faransa. Maƙwabcina wani tsohon Bature ne da ya mayar da lambunsa tashar jirgin ƙasa na wasa: siririn layin dogo, 'yan gadoji, da jirgin da bai fi takalmina tsawo ba. Ni haushi abin yake ba ni, mutum da furfurarsa yana rarrafe a bayan kayan yara. Baba kuwa, da yake magini ne tun yana saurayi, ganin farko ya manne a jikin shinge. Ba su jin yaren juna, amma ba a jima ba suka fara jera duwatsu tare, wai tudu za su tayar jirgin ya ratsa ta cikinsa.

Likita ya riga ya ja mini kunne cewa ƙafafun Baba sun daina jin zafi. Ko ƙusa ya taka ba zai sani ba, kuma ɗan ƙaramin rauni na iya cinye ƙafar. Kullum faɗan takalmi muke yi da shi.

Ranar da abin ya faru aiki ya kai ni Paris. Ina cikin jirgin ƙasa a hanyar dawowa Baturen ya kira ni. Ya ce ya haɗa siminti da tsakuwa da ruwa, ya fita sayo ƙarin yashi. Da ya dawo sai ya tarar Baba ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, yana kwaɓin da ƙafa. Haka ake kwaɓa ƙasar gini a wurinmu, haka ya yi duk rayuwarsa. Amma ɗanyen siminti cin fata yake yi.

Na ce a ba shi wayar.

"Baba, ƙafar fa?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ni ban jin komi."

Wannan amsar ce ta kashe mini jiki. Na roƙi Baturen ya yi ta kwarara masa ruwa, ya kira motar asibiti. Daga nan ba abin da ya rage mini sai zama. Na yi ta tunanin da wane baki zan gaya wa Inna cewa na ɗauko mijinta da ƙafa biyu zan mayar mata da shi a keken guragu.

A asibiti na tarar fatar tsakanin yatsunsa ta saɓule, har da tsakuwa da ta nutse a tafin ƙafar bai sani ba. Likitan ya ƙi yi mini alkawarin komai. Makonni aka yi ana wankin ciwon, kuma duk sanda za a kwance bandeji fuskar ma'aikaciyar jinyar nake kallo, don ba ni da zuciyar kallon ƙafar. Daga ƙarshe ƙafar ta tsira, amma an yanke yatsu biyu a ta hagu.

Kafin Baba ya koma gida, Baturen ya gayyace mu ganin tudun. Ya lulluɓe ko'ina da tsakuwa, ban da wuri ɗaya a bakin ramin da jirgin ke shiga. Nan Baba ya taka a ranar, yana fitowa daga kwaɓin, simintin ya bushe da sawunsa na hagu.

Baba ya ƙwanƙwasa wurin da sandarsa. "Kin gani? Kwaɓin ya kama."

Jirgin ya shiga ya fita ban ko dube shi ba. Sawun nake kallo, yatsunsa biyar cif.