Hadari a Cikin Ƙwarya

Jiya likita a Katsina ya duba gwajin jinin ɗana, ya ce, "Malam, ba ciwon baya irin na gidanku ba ne, ɗaukar buhu ne kawai." Ina fitowa ƙamshin hadari ya buge ni, sai Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Ƙashin bayansa ya sandare kamar na kakanmu, ya ranƙwafa har ba ya iya ɗaga kai. In ana jiran damina, sai a aje masa ƙwarya cike da ruwa a tsakar gida, ya riƙa kallon gajimare a ciki.

Shekarar da 'yan bindiga suka tsare hanyoyin Ruma, dangi suka ce in auri 'yarsa, tunda ga ta a gida. Bai ɗauke ido daga ƙwaryar ba. "Mun daɗe muna juya jini ɗaya," in ji shi. "Tafi Safana ka nemo mata, ko da ƙafa ne."

Na ji haushi ƙwarai, amma na tafi. Can na samo uwar yaron nan.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya tashe shi a miƙe, ya ɗaga kai ya kalli sama.